Daga Katakon Tare Taɓo zuwa Gilashin Latsawa: Tarihin Gaban Mota

Idan Bahaushe ya ce wani ya ƙure maleji, ba lallai ne a ga mota a wurin ba. Ana faɗar haka ga mai kashe kuɗi ba lissafi, ko mai ado da ya kai maƙura, ko mai faɗan da ya wuce gona da iri. Kalmar ta fito ne daga agogon nan da ke bayan sitiyari, mai allura da lambobi, wanda ke nuna gudun mota. Ta zauna a bakinmu har mun manta cewa akwai lokacin da direba ke tuƙi babu maleji, babu gejin mai, babu rediyo, balle esi. Kowane abu da muke gani a gaban mota yau ya shigo ne a wata shekara, saboda wata matsala. Kuma duk sanda aka ƙara wani sabo, sai tsohuwar tambaya ta dawo: idon direba nawa ne na hanya, nawa ne na mota?

Sunan da direbobi ke kiran wurin da shi, wato dashbod, ya girmi motar kanta. A zamanin keken doki a Turai da Amurka, ana kafa wani katako ko fata a gaban mai jan linzami domin ya tare taɓo da tsakuwar da kofaton doki ke watsowa. Da aka cire doki aka sa injin, katakon ya zauna inda yake, ya zama shinge tsakanin zafin injin da ƙafafun direba. Da yake yana daidai gaban ido, sai ya zama wurin rataye duk abin da ake so direba ya gani.

Allura ta fara magana

A 1902 wani injiniyan Jamus mai suna Otto Schulze ya yi rajistar irin malejin da ya mamaye duniya kusan shekara 80. Wata waya ce mai juyawa take tasowa daga giya, ta zo ta juya maganaɗisu a cikin wani ɗan ƙoƙon alminiyam. Maganaɗisun ba ya taɓa ƙoƙon, amma juyawarsa tana jan sa, wani siririn sifirin kuma yana riƙe shi. Gwargwadon gudun mota, gwargwadon yadda allurar da ke maƙale da ƙoƙon za ta karkata. Duk wanda ya taɓa shiga tsohuwar Fijo ya ga allura kwance a kan sifili alhali mota na sheƙa gudu, ya ji direba ya ce wayar maleji ce ta tsinke, wannan wayar ta Schulze ake nufi.

Sauran gejin sun biyo baya a hankali. Ford Model T, wadda aka fara ƙerawa a 1908 kuma aka sayar da fiye da miliyan 15 kafin a daina a 1927, ba ta da gejin mai. A yawancinsu tankin yana ƙarƙashin kujerar direba, sai ya sauka ya ɗaga kujera ya tsoma sanda ya ga inda fetur ya jiƙa. Zafin injin kuwa, wani ma'auni ne mai suna Boyce MotoMeter, wanda aka yi rajistarsa a 1912, ake ɗaurawa a kan murfin lagireto can a hancin mota, direba yana hango shi ta gilas. Daga baya aka jawo waɗannan ma'aunai ciki, aka ƙara na ƙarfin baƙin mai da na cajin batir. Direban wancan zamani yana karanta allurai huɗu ko biyar kamar yadda malamin asibiti ke duba bugun jini. Ya san inda kowace take tsayawa idan lafiya lau, yana kuma ganin ranar da ta fara kaucewa tun kafin abu ya lalace.

A shekarun 1930 kamfanin Hudson na Amurka ya fara cire wasu allurai yana sa fitilu a madadinsu. Hujjarsa mai ƙarfi ce: mafi yawan masu mota ba su san ma'anar lambobin ba, kuma jar wuta ta fi allura saurin jan ido. Masu sanin mota suka yi wa abin laƙabi da fitilar wawaye, domin ba ta kamawa sai ɓarna ta riga ta fara. Duk ɓangarorin biyu suna da gaskiya, kuma wannan gardama ba ta mutu ba har yau.

Motar da ta fi nuna amfanin fitila ita ce Volkswagen mai siffar kunkuru, wadda aka riƙa harhaɗawa a Legas daga 1975. Ba ta shan ruwa, iska ce ke sanyaya injinta, don haka ba ta da gejin zafi. Fanbel ɗaya ne ke juya fanka da janareto, saboda haka idan fitilar caji ta kama ana cikin tafiya, ƙwararren direba ya san wataƙila bel ɗin ne ya tsinke, kuma injin na gab da ƙonewa. Fitila guda ta isa, muddin mai kallonta ya san abin da take nufi.

Rediyo da maɓallan da hannu ya haddace

A 1930 kamfanin 'yan'uwa biyu, Paul da Joseph Galvin, da ke Chicago ya fito da rediyon mota mai suna Motorola. Kuɗinsa ya kai wajen dala 130, a lokacin da sabuwar ƙaramar Ford ba ta wuce dala ɗari biyar da wani abu ba. Nan da nan wasu hukumomi a Amurka suka nemi a haramta shi. Sun ce zai ɗauke hankalin direba, neman tasha zai janye idonsa daga hanya, kiɗa kuma zai sa shi barci. Masu ƙera rediyo suka ce ai shi ne ma zai hana gyangyaɗi, ya kuma sanar da direba halin hanya da na yanayi. Ba a haramta ba, amma ƙorafin ya yi amfani, domin kafin ƙarshen shekarun 1930 an fito da maɓallan ajiye tasha. Sai mutum ya murɗa ya samo tashar da yake so, ya ajiye ta a maɓalli ɗaya cikin biyar ko shida. Daga ranar, yatsa ne ke nemo ta, ido na kan titi. Idan aka danna ɗaya, wanda ke ciki sai ya yi tsalle ya fito. Mu masu rubuta manhaja har yau muna kiran 'yan da'irorin nan na fom, waɗanda ba a iya zaɓar biyu a lokaci guda, da sunan maɓallin rediyo, ko da yake yawancin matasanmu ba su taɓa ganin na asalin ba.

Kamfanin Blaupunkt na Jamus ya kawo zangon FM cikin mota a 1952, Philips kuma ya fito da kaset a 1963. A ƙasar Hausa kaset ne ya mayar da mota majalisi. Daga Kano zuwa Legas, ko daga Maraɗi zuwa Yamai, fasinja zai sha karatun Alƙur'ani da wa'azi da asuba, rana ta yi a koma Shata ko Ɗan Maraya Jos, lokacin labaru a murɗo Rediyon Kaduna. Duk wannan direba yana yin sa da hannu ɗaya, ba tare da ya sunkuya ba, domin na ƙara murya zagayayye ne a gefe guda, na neman tasha yana ɗaya gefen, kuma ba sa canza wuri.

Sanyi da ɗumi

Ɗumama mota ya fi sanyaya ta sauƙi, tun da injin yana fitar da zafin da ya yi masa yawa. Sai kawai a ratsa da ruwan lagireto ta wani ƙaramin lagireto da ke bayan dashbod, fanka ta huro iskar. Sanyi ne ya ba da wahala. Packard ce ta fara sayar da mota mai esi a 1939, na'urar ta cinye kusan rabin but, kuma babu makunninta a gaban direba. Mai son ya kashe ta sai ya tsaya, ya buɗe bonet, ya cire bel da hannunsa. Sai a 1954 kamfanin Nash ya haɗa sanyi da ɗumi da shigar iska a na'ura ɗaya da ke gaba, da makunnanta a dashbod. A 1964 Cadillac ta kawo wadda za a faɗa mata awon da ake so ta riƙa daidaita kanta.

Daga baya akasarin kamfanoni suka tsaya a kan tsari guda, wanda har yanzu ba a samu wanda ya fi shi ba: marfi uku masu murɗawa. Ɗaya na ƙarfin fanka, ɗaya na zafi da sanyi mai launin ja da shuɗi, ɗaya na inda iska za ta bi, fuska ko ƙafa ko gilas. Sai ɗan maɓalli mai hoton kibiya tana zagayawa cikin mota, wanda ke rufe ƙofar iskar waje. Shi ne abokin tafiya a ƙurar hunturu ko a bayan tirela mai hayaƙi, kuma yana sa mota saurin yin sanyi a bazara. Amma da damina, idan gilas ya yi hazo daga ciki, buɗe shi ake yi a kunna esi a tura iska gilas, domin esi yana tsotse laimar iska. Tsofaffin direbobi sun san wata dabara kuma: idan allurar zafi ta fara hawa, a kashe esi, a murɗa na ɗumi har ƙarshe, fanka a sama, don a rage wa injin zafi kafin a samu wurin tsayawa. Murfin lagireto kuwa ba a taɓa shi sai injin ya huce.

Kwamfuta ta shiga tsakani

Dokokin rage hayaƙi na Amurka ne suka shigo da kwamfuta cikin mota, wadda bakanikanmu ke kira birenbos. A 1986 kamfanin Bosch ya gabatar da tsarin CAN, wanda ke ba ƙananan kwamfutocin mota damar yin magana da juna ta wayoyi biyu kacal, Mercedes kuma ta sa shi a babbar motarta ta 1991. Daga 1996 doka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a Amurka ta zo da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'ura a karanta abin da ke damun ta. Ita ce kafar da masu duba mota da kwamfuta ke amfani da ita a garejinmu yau. Fitilar nan mai ruwan ɗorawa da hoton injin ita ce bakin wannan tsari. Idan ta kama ta tsaya, an ajiye wata lamba a ƙwaƙwalwar mota, a je a duba. Idan tana ƙiftawa, injin na tsallake wuta, a rage gudu a nemi bakanike ba tare da jinkiri ba. Launuka ma an daidaita su a duniya: ja na nufin a tsaya, ruwan ɗorawa na nufin a bincika da wuri, kore da shuɗi sanarwa ce kawai.

Akwai abin da ya canza a nan wanda ba kowa ya lura ba. Allurar motar zamani ba ta haɗe da komai sai wani ɗan inji da ke bin umarnin manhaja, kuma mutum ne ya zauna ya rubuta abin da za ta nuna. A motoci da yawa an tsara allurar zafi ta tsaya cak a tsakiya ko da ruwa na hawa da sauka cikin iyakar da ba ta da haɗari, don kada mai mota ya tsorata ya yi ta zarya gareji. Sakamakon haka, ranar da ta motsa, abu ya riga ya yi nisa. Maleji ma haka: ƙa'idar Turai ta hana shi nuna ƙasa da ainihin gudu, amma ta yarda ya ƙara har kashi 10 cikin ɗari da kilomita 4. Wato allurar ta koma fitilar Hudson, siffarta ce kawai ba ta canza ba.

Motar da ke magana da harshen wata ƙasa

Lokacin da masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara fitar da motoci a 1975, gabansu an yi shi ne domin mu: sitiyari a hagu, daidai da komawar Najeriya tuƙin hannun dama a ranar 2 ga Afrilu 1972, maleji kuma da kilomita. Bayan faɗuwar darajar naira daga 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kasuwa ta koma ta 'yan Kwatano da Beljiyam. Daga nan muka fara zama a bayan dashbod ɗin da aka rubuta wa wasu mutane.

Motar da ta fito daga Amurka manyan lambobin malejinta mil ne, kilomita na ciki da ƙananan baƙaƙe. Mil ɗaya ya fi kilomita ɗaya da rabi, saboda haka wanda ya ga 80 ya saki jiki, a gaskiya yana kusan kilomita 129 a awa, alhali iyakar da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta sa wa ƙananan motoci a babban titi ita ce 100. Esinta na iya nuna 72, wanda a awon da muka saba 22 ne. Rediyonta a matsakaicin zango yana tsalle goma-goma ne, 590 sai 600, mu kuwa tashoshinmu tara-tara aka jera su, shi ya sa 594 ta Kaduna ke faɗawa tsakani. Wadda aka yi domin kasuwar Japan kuwa, FM ɗinta daga 76 zuwa 90 yake, ba za ta kamo Freedom Radio ta Kano a 99.5 ba sai an ƙara mata wata 'yar na'ura. Ga maɓallin ɗumama kujera da aka yi domin ƙanƙarar Kanada, wanda yaro zai danna a watan Afrilu, mai gida ya yi ta mamakin abin da ke gasa masa baya.

Wannan duk mai sauƙi ne idan aka kwatanta da yadda muke toshe wa mota baki. An cire matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda ake kira indomi, an sayar, fitilar injin ta kama ba ta sake mutuwa. An cire tamostat an haɗa fanka kai tsaye. Fitila ta dami mai mota, sai a liƙa mata baƙin salatif, ko mai waya ya cire ƙwan gaba ɗaya kafin a kai ta kasuwa, a kuma mayar da lissafin tafiyarta baya. Ranar da matsala ta gaske ta zo, babu sauran mai faɗa. Akwai gwaji mai sauƙi da ya kamata duk mai sayen mota ya sani: a murɗa makulli ba tare da an tayar da injin ba. Fitilun gargaɗi za su kama domin gwada kansu, har da ta injin da ta baƙin mai da ta jakar iska. Wadda ba ta kama ba, a tambayi dalili.

Gilashi ya haɗiye maɓallai

Allon latsawa ba sabon abu ba ne a mota. Buick Riviera ta 1986 ta zo da shi, yana sarrafa rediyo da esi, masu saye suka yi ƙorafin yana ɗauke musu ido, aka cire shi bayan 'yan shekaru. BMW ta gwada tara ayyuka masu ɗimbin yawa a marfi guda da allo a 2001, ta sha suka. Abin da ya juya lamarin shi ne wayar hannu. Bayan fitowar iPhone a 2007 mutane suka saba da shafa gilashi, Tesla ta sa allo mai inci 17 a motarta ta 2012, sannan a Model 3 ta 2017 ta cire agogon bayan sitiyari gaba ɗaya, har maleji ya koma allon tsakiya. Daga Mayun 2018 kuma doka ta wajabta kyamarar baya a sababbin motocin Amurka, wato kowace mota dole ta zo da allo. Tun da allon na nan, ya fi wa kamfani araha ya zana maɓalli a ciki da ya ƙera na gaske mai waya da sifirin.

Mu da muke zana irin waɗannan alluna mun san sharaɗin da aka gina su a kai: mai amfani yana kallo. Gilashi sumul yake, yatsa ba ya gane inda yake sai ido ya raka shi, kuma sabunta manhaja na iya matsar da maɓalli daga inda aka saba. A hannun wanda ke zaune a falo wannan ba komai ba ne. A mota kuwa taura biyu ba ta taunuwa. Mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a kowane sakan. Sakan biyu na neman inda ake rage fanka ya kai mita 56, fiye da rabin filin ƙwallo, an shafe shi ido ba ya kan hanya.

A 2022 wata mujallar motoci ta Suwidin, Vi Bilägare, ta auna wannan. Ta sa direbobi su yi 'yan ayyuka kamar sauya tasha da daidaita ɗumi suna gudun kilomita 110. A tsohuwar Volvo ta 2005 mai maɓallai an gama cikin sakan 10. A mota mafi jinkiri cikin masu allo sai da aka haura sakan 40, tafiyar fiye da kilomita ɗaya. Shekara guda kafin nan Tesla ta janye motoci kusan 135,000 domin gyara, saboda ma'ajiyar bayanan da ke cikin allon tana ƙarewa da yawan rubutu, idan ta mutu kuma sai ta tafi da kyamarar baya da makunnin share hazon gilas. Hukumar Euro NCAP, mai ba motocin Turai taurarin aminci, ta sanar cewa daga 2026 za ta riƙa duba ko sigina da fitilar haɗari da waifa da hon da kiran gaggawa suna da makunnin da hannu ke taɓawa. Volkswagen ma ta fito fili ta ce za ta mayar da maɓallai. Da tsohuwar zuma dai ake magani.

Abin da ya sa wannan ya shafe mu shi ne motocin da aka ƙera a shekarun da allo ya haɗiye komai su ne za su cika kasuwanninmu nan da shekara goma, bayan sun tsufa a hannun wasu. Za su yini a ranar Sakkwato da Zinder, inda zafi ke haura 40 a inuwa. Marfin esi idan ya karye, mai waya zai nemo na gwangwan ya sa da kuɗi kaɗan. Allo idan ya mutu, ya tafi da esi da rediyo, wani lokaci har da maleji, kuma ba kowane gareji ne zai iya tayar da shi ba. Tun kafin su iso ma mun fara da kanmu: ana cire rediyon asali daga tsohuwar Corolla a dasa babban allon Android, direba na tuƙi fim na gudana, a titin da babur da adaidaita sahu da garken shanu da rami ke jiran ƙiftawar ido ɗaya.

Masu adawa da rediyon 1930 ba su yi nasarar hana shi ba, amma sun tilasta a ƙera shi yadda hannu zai iya sarrafa shi shi kaɗai. Ma'aunin da suka bari yana nan, kuma kowa na iya gwada shi a motar da ke tsaye: a rufe ido, a rage muryar rediyo, a ƙara fanka, a tura iska gilas, a kunna fitilar haɗari. Motar da ta bari aka yi waɗannan cikin sauƙi, an ƙera ta ne da tunanin mai tuƙi. Wadda ta ƙi, gara a daidaita komai kafin a sa giya, a kuma bar wa na kusa da direba aikin latse-latse har a isa.